Na'urar ɗura faifai da laifin da ba nata ba

A aikin gyaran kwamfuta babu abin da ake saurin yanke wa hukunci kamar na'urar ɗura faifai, wato mai rubuta bayani a kan CD da DVD. An buɗe kwamfuta, an ƙara mata kaya, an rufe, komai na tafiya sumul. Sai an zo ɗura faifai ta tsaya a tsakiya ta tofo shi. Mai kaya ba ya jiran bayani, cewa yake ta mutu, a sayo wata. Zaman da na yi a shagon maigidana kusa da Kasuwar Dole a Damagaram ya nuna mini cewa yawanci lafiyarta ƙalau. Ita ce dai ta fi kowa rashin haƙuri a cikin akwatin.

Dalilin kuwa a fili yake. Idan bayani ya makara a hanya, rumbun ajiya yana iya sake gwadawa ba wanda ya sani. Faifan CD-R ko DVD-R sau ɗaya ake rubuta shi: hasken leza yana ƙona wani siririn rini da ke cikin faifan, wurin da ya ƙone kuwa ya ƙone ke nan. A gudun 16x, wato ninki 16 na gudunsa na asali, DVD na neman kusan megabait 22 kowace daƙiƙa, ga wuta da dole ta tsaya daram. Ƙaramin rauni da sauran kayan za su haɗiye, ita sai ta fallasa shi.

Wani Alhaji mai ɗaukar bidiyon biki da suna a Sabon Gari ya kawo mana kwamfutarsa. An sa mata sabon katin hoto da rumbun ajiya na biyu don aikin haɗa fim, aka bar tsohon akwatin wuta, mai raba wa kayan cikin kwamfuta lantarki, yadda yake. CD tana ɗura shi lafiya, DVD kuwa sai ya kusa ƙarewa ya lalace. Maigida ya ce in kawo mitar awon wuta. Layin bolt 12 bai kamata ya sauka ƙasa da 11.4 ba, amma da faifan ya ɗauki gudu sai muka ga lambar tana zamewa. Rubutu daga tsakiyar faifai yake farawa ya nufi baki, kuma a bakin ne gudun ke kai ƙololuwa, lezar ma ta nemi ƙarin ƙarfi. Shi ya sa abin ke faruwa a ƙarshe.

"Malam, to me ya sa komai ke aiki sai ita kaɗai?"

"Alhaji, tukunyar gidan ba ta ƙaru ba, ka ƙaro baƙi biyu masu ci. Wanda bai iya jure yunwa shi zai fara kuka."

Muka cire wayar rumbun na biyu, muka sa sabon faifai, ya ɗuru har ƙarshe. Akwatin wuta aka canza, na'urar tana nan. Alhaji bai so ba, don a ganinsa akwatin wuta ko yana aiki ko ba ya yi, babu tsaka-tsaki. Mutane da yawa haka suke ɗauka, alhali a garin da kuran, wato wutar lantarki, ke hawa yana sauka, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, akwatin wuta a hankali yake tsufa.

Daga nan na koyi tambayar farko da nake yi wa kowa: a ina ta tsaya? Idan tun ba a fara ba Nero, manhajar ɗura faifai, ya ce gwajin ƙarfin haske ya gaza, hankalina na komawa kan faifan da kan lezar. Kafin rubutu, na'ura tana gwada ƙarfinta a wani ɗan fili kusa da tsakiyar faifan. Ƙurar hunturu a kan madubin leza na iya hana gwajin, haka ma faifai mai arha wanda na'urar ba ta san irin rininsa ba. Kuma lezar CD daban, ta DVD daban, ɗaya na iya gajiya ɗaya na nan da ƙarfinta. Wannan sashen ba ya cin lokaci: a share, a canza irin faifan, a rage gudu zuwa 8x.

Tsofaffin kwamfutoci masu faffaɗar wayar IDE su suka fi wahalar da mutum, kuma har yanzu suna shigo mana. Na'ura biyu ke hawa waya ɗaya, a bayan kowace akwai ɗan maɓalli da ke nuna wace ce babba wace ce ƙarama. Wanda ya ƙara rumbu bai duba wannan ba ya haɗa faɗa. Ga kuma halin Windows XP: idan ta yi ta cin karo da kuskure a layin, sai ta sauke shi daga DMA, hanyar aika bayani mai sauri, zuwa PIO mai jinkiri ba sallama, bayani ya koma tafiyar hawainiya, bayanin da na'urar ke tarawa kafin ta rubuta ya yi ta ƙarewa. Waya mai zare 80 maimakon mai 40, a raba na'urorin biyu layi daban-daban, a mai da DMA, magana ta ƙare.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ƙarin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, mara lafiya, don shi ba ya kuka. Allo zai ce an gama lafiya, a rubuta sunan amarya a kan faifan, a aika Tanut ko Mirya, can ne za a ga hoto yana tsayawa daidai lokacin da ake kai ta ɗaki. Duk kwamfutar da aka ƙara wa RAM, maigida ba ya bari ta fita sai Memtest86, manhajar gwada RAM, ya zagaya ta, kuma kowane faifai sai manhaja ta sake karanta shi ta gwada da asalin. Masu jira a benci suna ƙorafin ɓata lokaci, musamman ɗaliban jami'a da ke son haɗa kundinsu da faifai ranar ƙarshe. Mukan ba su haƙuri, su jira.