Ranar da ƙugiyar ƙ ta cinye mini safiya

Laraba, bayan sallar isha'i.

An kawo wuta, caji ya kai rabi, bari in rubuta kafin barci ya kwashe ni. Kwamfutoci uku na zauna a gabansu yau, kowacce da nata halin, a kan aikin da bai kamata ya wuce minti ashirin ba.

Malam ya ce ranar Litinin yake son ganin sakamakon farko. A kan dogon yaro nake bincike, musamman wani sinadari da ke cikinsa mai suna gedunin. Tambayata ita ce ko zai iya shiga ramin wani furotin na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, DHFR, wanda pyrimethamine na cikin Fansidar yake toshewa. A kwamfuta ake fara irin wannan aiki kafin a taɓa ko kwalba ɗaya. Siffar furotin daga Protein Data Bank ake sauke ta, rumbun da aka kafa tun 1971, ta sinadarin kuma daga PubChem. Sai a miƙa wa manhajar AutoDock Vina su biyun, ta yi ta jujjuya sinadarin a bakin ramin kamar mai gwada makullai a kwaɗo, har ta faɗi zaman da ya fi dacewa. Duka kyauta ne, shi ya sa ɗalibai irinmu muka rungume su.

Da sassafe na fara a tawa mai Windows. Vina ba ta karɓar fayil sai an mayar da shi wani nau'in fayil mai suna pdbqt, kuma manhajar MGLTools ce muka saba yin hakan da ita. Na buɗe, na zaɓi furotin, sai ta watso mini jan rubutu. Na cire ta na sake ɗorawa. Haka nan. Na kashe kwamfutar na kunna, na sake sauke furotin ɗin ko ya lalace a hanya, data na ta zirarewa. Umma ta leƙo sau biyu tana cewa kokona ya huce.

Wajen ƙarfe goma idona ya faɗa kan sunan foldar da na zuba komai a ciki: Binciken ƙwayar cuta. Na sa mata wannan suna da alfahari, da ƙ ɗinta mai ƙugiya. To MGLTools a kan Python 2, wani harshen rubuta manhaja, aka gina ta, shi kuwa Python 2 in ba a yi masa wata dabara ba alamomi 128 na ASCII, wato haruffan Turanci da lambobi da makamantansu, kawai yake ɗauka a matsayin rubutu, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a cikinsu. Tun 1 ga Janairu 2020 masu shi suka yi masa ritaya, amma tsofaffin manhajojin kimiyya suna nan goye da shi. Na canza sunan foldar zuwa aiki, ƙananan haruffa huɗu, ba ƙugiya ba tazara. Nan take ta buɗe.

Na yi dariya, amma abin ya ɗan sosa mini rai. Ni ce kullum nake yi wa ƙanena faɗa in ya rubuta kofa a maimakon ƙofa, ga shi yau da hannuna na sauke ƙugiya don inji ya saurare ni.

Daga nan na hau adaidaita zuwa makaranta, ƙura ta rufe gari ko'ina fari fat. Kwamfutar ofishin Malam Ubuntu, wani nau'in Linux, ce a kanta, ta fi tawa ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka can nake son sakin dogon lissafin. A filashi na zo da ɗan rubutun umarni da na tsara jiya a gida, layi tara, wanda zai bi sinadarai ɗaya bayan ɗaya ba sai na tsaya a kai ba. Na kira shi a baƙin allo, ya ƙi tashi. Abin da kawai na gane a saƙon shi ne wata alama ^M maƙale a ƙarshen layin farko. Na buɗe fayil ɗin, na ƙura masa ido, babu wata M.

Malam ya shigo da butarsa a hannu, ya dubi allon ta saman tabarau.

“A Windows kika rubuta wannan ko?”

“E, Malam.”

“Kin taɓa kallon masu buga tafireta a bakin kotu?”

Ya ce in tuna yadda suke yi in sun kai ƙarshen layi: a tura kan injin ya koma farko, takarda kuma ta ɗaga sama layi guda. Motsi biyu ke nan. Windows har yau alama biyu take sakawa a ƙarshen kowane layi, ɗaya ta komawa farko, ɗaya ta sauka ƙasa. Linux ta biyun kaɗai take amfani da ita, sai ta ɗauki ta farkon a matsayin wani harafi da ke cikin umarnin. Ido ba ya ganinta, amma tana nan. Ya buga dos2unix da sunan fayil ɗin, ko daƙiƙa ba a yi ba ya wanke shi, ya wuce alwalarsa.

Ban gama murna ba ta ce ba ta ga furotin.pdbqt ba. Ga shi kuwa a gabana, sai dai da babban F na ajiye shi. A wurin Windows duk ɗaya ne, a wurin Linux mutum biyu ne daban. Wannan ni na gano da kaina, kuma na ji daɗin da Malam bai dawo ya tarar da ni a kai ba.

Bayan azahar ƙawata ta kira, ita ma Vina ta ƙi ta. Mac gare ta, mai M1, yayanta ya aiko mata daga Ingila. Tun 2020 Apple ta fara sauya zuciyar kwamfutocinta daga Intel zuwa nata ƙirar, ita kuwa ta sauko da wadda aka yi wa Intel ba tare da ta saka Rosetta 2 mai yi musu tafinta ba. Muka saka, muka ba fayil ɗin izinin gudana da chmod, ya tashi. Ta saya mini zoɓo da fanke, na ce kuɗin gyara bai cika ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai da la'asar ya zo. Tunda duka ukun sun tashi, na ce bari in ba su aiki iri ɗaya in gani: furotin ɗaya, gedunin ɗaya, akwatin bincike (wurin da Vina za ta lalube a jikin furotin) ɗaya. Makin da Vina take ba zaman sinadarin ya fito guda uku, ba su zama daidai ba. Bambancin bayan ɗigo yake, kaɗan ne, amma a Mac ɗin har kwanciyar sinadarin a ramin ta ɗan sauya. Gabana ya faɗi, don wanne zan rubuta a kundina?

Na koma na karanta abin da Vina take bugawa a sama kafin ta fara, wanda kullum nake tsallakewa. Ashe lalubenta da ƙuri'a take farawa, kuma duk gudu sabuwar lambar ƙuri'a take zaɓa in ba kai ka ba ta ba. Ko a kwamfuta ɗaya ka maimaita, ba lallai ka sami abu ɗaya ba. Ƙari a kan haka, Vina ɗin da ke tawa lamba 1.1.2 ce, tsohuwar da na kwafa daga filashin wani ɗan ajinmu bara, ta Malam da ta ƙawata kuwa daga jerin 1.2 suke, wanda ya fito a 2021. Wata uku ina tara lambobi ban taɓa rubuta da wacce na samo su ba. Na buɗe bayan littafina na ja layi huɗu: kwamfuta, lambar manhaja, lambar ƙuri'a, zurfin lalube. Na ƙarshen a kan 8 yake zuwa, Malam ya ce in ɗaga shi zuwa 32 in sake komai daga farko a injin ofishinsa kawai.

Komai daga farko. Na ce to, Malam.

Mako mai zuwa GROMACS, manhajar kwaikwayon motsin furotin, ke jirana, wadda aka faro a Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan, kuma ita a Linux ta fi sakewa. Shi ya sa da na dawo gida na ce bari in saka WSL 2, in sami Ubuntu a cikin Windows ɗina ba sai na goge komai ba. Ta ce sai na shiga BIOS, saitin tushe na kwamfuta, na kunna abin da ke ba kwamfuta damar riƙe wata a cikinta. Ƙanena ya tsaya a kaina yana danna F2 kamar mai kiɗan kalangu har muka shiga. Yanzu Ubuntu tana sauka, ta kai kashi sittin da ɗaya, saƙo kuma ya shigo cewa datata ta kusa ƙarewa. Na tura shi ya aro wayar Umma kafin ta kwanta.