Daga parabol ɗin gidaje zuwa sauraren taurari

Shagona yana Wadata, nan Yamai, kuma kafa parabol da gyaran eriya ne abincinmu, ni da yarana. Aikin nan gaba ɗaya ya rataya ne a kan ɗan kwalin da ke gaban faranti, wanda muke ce wa kai, a takarda kuma LNB. Saƙon da ya taso daga tauraron ɗan'adam mai nisan kusan kilomita 36,000 a galabaice yake isowa. Na'urar da ta fara tarbarsa sai ta ƙara masa ƙarfi ba tare da ta zuba tata hayaniyar ba, don duk shuuu ɗin da ya shiga a nan, na'urorin baya haɓaka shi za su yi tare da saƙon. Shi ya sa nake ce wa mai gida: "Alhaji, a rage kuɗi ko'ina, amma ban da kai."

Zafi ne ke haifar da wannan hayaniya. Masu nazarin sararin sama da igiyar rediyo sun fi kowa sanin haka. A Afirka ta Kudu, tashar sauraren sararin sama mai suna MeerKAT da aka buɗe a 2018 tana da faranti 64, kowanne faɗin mita 13.5, kuma ana sanyaya na'urar farkon har wajen digiri 250 ƙasa da sifiri. Mu kuwa a watan Afrilu kwanon rufi ba ya taɓuwa da hannu. Abin da ke hannunmu shi ne tsabtar aiki: a manna na'urar ƙara ƙarfi a bakin eriya, a gajarta waya, a naɗe mahaɗi kar ƙurar hunturu ko ruwan damina su shiga, a kankare gidan da zanzaro ya gina a bakin kai.

Aikin da ya fi kwanta mini a rai shi ne na wasu ɗaliban kimiyya da suka zo neman eriyar da za ta kama 1420 MHz. A wannan zango iskar haidurojin da ke tsakanin taurari ke fitar da igiyarta mai tsawon santimita 21, wadda aka fara kamawa a Amurka a 1951. Muka sayo sandunan alminiyom a Katako, muka ƙera eriya huɗu masu haƙarƙari, muka jera su su yi aiki kamar guda.

A nan gwanintar take. Wayoyin huɗun sai tsawonsu ya zo daidai wa daida. A cikin waya igiyar takan gajarce zuwa kamar santimita 14, saboda haka in ɗaya ta ɗara ƴar'uwarta da santimita 7, saƙon wannan eriya zai kashe na waccan maimakon su haɗu. Da kaina nake yanka su a kan tebur, da ma'auni, ba na barin yaro ya ƙiyasta da ido. Wannan lissafi ne dai ake yi da kwamfuta a Ostareliya, inda shirin sauraren sararin sama mai suna SKA zai jera eriya 131,072.

Cikin gari turakun salula kan toshe wa na'urar kunne, dole a haɗa mata matatar saƙo mai tace na salula a fita bayan gari da batir. Can, da aka saita eriyar ga farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama, sai ɗan tudu, alamar igiyar haidurojin, ya ɗago a allon kwamfuta, a karkatar da ita ya kwanta. Matatar da na'urar ƙara ƙarfin daga waje muke odarsu, sauran duka a shagon nan aka yi su.