Ranar da sona ta ce yashi, guga ya fito da laka

Wallahi kafin in hau jirgin safiyo a bakin tekun Neja Delta ban taɓa zaton mutum zai san irin ƙasar da ke ƙarƙashin ruwa ba tare da ya nutsa ba. Sona, na'urar da muke auna ƙarƙashin ruwa da ita, sauti take harbawa ƙasa, yana gudun kusan mita 1,500 a sakan ɗaya cikin ruwan teku, ya daki ƙasa ya dawo, lokacin da ya ɗauka shi ke ba ka zurfi, ƙarfin da ya dawo da shi kuma shi ke gaya maka me ya daka. Dutse da tsakuwa da ƙarfi suke mayar da shi, laka kuwa shanye shi take kamar soso.

To wata rana muna bin layi sai na ga wani fili a sikirin ya yi haske fes, alamar sauti ya dawo da ƙarfi, nan take na rubuta yashi a taswira, raina fari. Oga ya leƙo ya ce, "Malam, a jefa guga tukuna." Guga muke ce ma wani ƙarfe mai baki biyu da ake saukarwa da igiya ya cafko ƙasa. Da aka jawo shi sai ga baƙar laka tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, cike da fasassun ɓawon dodon koɗi, na murza a yatsa sulɓi kawai, ko ƙwayar yashi babu. Ashe ɓawon ne ya mayar da sautin, ga kuma kumfar gas da ruɓaɓɓun ganye ke haifarwa cikin lakar wajen, ita ma haka take ruɗa na'ura. Abin ya dame ni sosai, don da masu yashe hanyar jirgi sun bi taswirata da kayan da ba su dace ba za su zo.

Wani abin da ya ɗaure min kai shi ne laka mai ruwa-ruwa kamar kunu. Sautin kilohaz 210 (kilohaz ma'aunin saurin kaɗawar sauti ne) a samanta yake tsayawa, na kilohaz 33 kuwa ratsa ta yake sai ya kai ƙasa mai tauri, sai ka ga zurfi biyu a waje ɗaya, kuma duk biyun gaskiya ne, ya rage naka ka san har ina jirgi zai iya ratsawa. Haka ma gishiri, inda ruwan kogi ya haɗu da na teku gudun sauti canzawa yake, shi ya sa muke sake aunawa duk lokacin da ruwa ya cika ko ya janye.

Yanzu duk inda launin sikirin ya canza sai na sa an tsaya an jefa guga, mu tace a rariya, abin da ya wuce ramin milimita 0.063 laka ne, wanda ya tsaya har zuwa milimita 2 yashi, sannan in ɗauki biro.