Saƙon godiya bayan an sallamo maiɗakina daga asibiti

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, an sallamo maiɗakina daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tana gida, jiki da sauƙi.

Da yawa kun tambayi abin da ke damunta. Ciwon lupus ne, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. A nata, garkuwar na fitar da wasu sinadarai da likitoci ke kira antifosfolifid, masu sa jini ya daskare cikin jijiya. Ashe su ne sanadin ɓarin da ta sha yi a baya. Gudajin jini suka taso daga ƙafa suka toshe hanyoyin jinin huhu, har ya zama hawan jinin huhu, ɓangaren dama na zuciya ya galabaita. Awon hawan jini na hannu ba ya nuna shi, hoton zuciya ne ya fara tona shi. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai haki.

Godiyata ta farko bayan ta Allah, ga likitar da ta tsaya ta saurari tarihin ɓarin nan, ta haɗa shi da kumburin ƙafa, ta sa aka yi gwajin jinin, kuma ta dage a maimaita shi bayan mako 12 kafin a tabbatar. Da nas-nas ɗin dare masu lura da iskar oksijin har asuba.

Hajiya, surukata, kin bar gidanki kin kwana kan tabarma a gefen gadon 'yarki, ba ni da bakin gode miki. Maƙwabtan da suka riƙe mana yara, abokan aikin da suka haɗa kuɗin allurar heparin mai hana jini daskarewa, da jama'ar masallacin unguwarmu, Allah ya saka muku da alheri.

Roƙo ɗaya gare ni. Yanzu tana kan warfarin, maganin tsinka jini, ana auna INR ɗinta, wato awon saurin daskarewar jini, don ya tsaya tsakanin 2 da 3. Masu kawo mana jiƙo da saiwoyi, mun san ƙauna ce, amma ku yi haƙuri, suna iya jawo mata zubar jini. Ko zogale da alayyahu sai da ƙa'ida take ci. Addu'arku muke buƙata, don jinya da saura.

Allah ya bai wa dukkan marasa lafiya lafiya, amin.