Hawan Carrowkeel, inda kaburbura suka girmi dalar Giza

Daga ƙauyen Castlebaldwin da ke yankin Sligo a ƙasar Ayilan hanya ke kaucewa daga babban titi ta nufi tsaunukan Bricklieve. Kwalta na ƙarewa na ajiye mota na ci gaba da ƙafa, ina rufe kowace ƙofar shinge da na buɗe, domin filin makiyayar tumaki ne kuma masu su na nan kusa.

A saman tsaunukan, a wurin da ake kira Carrowkeel, akwai tarin duwatsu 14, galibinsu kaburbura ne masu ɗaki a ciki. An gina su fiye da shekara 5,000 da suka wuce, tun kafin Misirawa su ɗora dutsen farko na dalar Giza. Daga nesa sai ka ɗauka wani manomi ne ya share gona ya tara tsakuwa. Sai ka matso za ka ga ƙofa 'yar ƙarama, da manyan duwatsu a tsaye suna riƙe da ita.

Na shiga wanda ake kira Cairn G da rarrafe, gwiwa da tafin hannu a kan dutse mai sanyi. A ciki kuwa mutum na iya miƙewa. Ɗakin ya rabu zuwa lunguna uku, rufinsa faffaɗan duwatsu ne da aka jera wani kan wani. Babu siminti, babu laka, nauyi kaɗai ke riƙe komai. Bisa ƙofar an bar wata 'yar taga, irin ta Newgrange, wani sanannen tsohon kabari a Ayilan, wadda hasken rana ke ratsawa har cikin ɗakin idan za ta faɗi a tsakiyar lokacin zafi, wajen watan Yuni. Mutanen da ba su da ƙarfe suka auna wannan, suka kuma yi daidai. Na daɗe ina kallon tagar nan.

A 1911 ne wasu masana uku, R.A.S. Macalister da Robert Lloyd Praeger da E.C.R. Armstrong, suka tona wurin cikin 'yan makonni, su ne kuma suka raba wa kaburburan haruffa. Sun sami ƙasusuwan mutane, wasu ƙonannu wasu ba a ƙone ba, da tukwane, da duwatsun wuya, da allurai na ƙashi da ƙaho. A ganina sun yi gaggawa ƙwarai, abin da aka hargitsa a irin wannan wuri ba ya komawa yadda yake. An kai ƙasusuwan Kambirij da ke Ingila, sai bayan kusan ƙarni guda aka sake nazarinsu, aka ga alamun yanka da ke nuna cewa an rarraba gaɓoɓin wasu mamatan kafin a shigar da su.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne ganin baƙi suna hawa kan tarin don ɗaukar hoto. Kowane taku yana gusar da duwatsu, rufin da ke ƙasa kuma yana raunana. Makabarta ce fa. Akwai iyaye da 'ya'yan wasu a nan, ko da sunayensu sun ɓace.

Wanda zai je ya sa takalmin da ruwa ba ya shiga, don ƙasar tana riƙe ruwa ko da ba a yi ruwan sama ba. Ya ɗauki tocila da rigar sanyi, iska ba ta sassautawa a can. Ya kuma duba yanayi kafin ya taso: idan hazo ya sauko hanya na ɓacewa, ga kwazazzabai masu zurfi a gefe. Ranar da gari ya waye tas, ana hango tafkin Arrow a ƙasa, da tsaunin Knocknarea can arewa, shi ma da nasa babban kabarin a bisa kai.