Daga Yauri zuwa Birnin Kebbi da Kawu

Wlh hanyar nan sai a hankali. Da asuba muka bar tashar Yauri ni da Kawu Sani, shi a gaba saboda ƙafafunsa sun kumbura ko takalmi baya shiga, ni a baya an matse ni da buhun busasshen kifi har Koko. Ya daɗe da ciwon suga, kwanan nan kuma fitsarinsa ya fara kumfa sosai shine aka turo mu a duba ƙoda.

A Jega muka tsaya shan shayi, Kawu yace a zuba mai madarar gwangwani mai zaƙi, na hana, bai sake min magana ba sai da muka wuce Kalgo.

Likitar da ta gan mu ba ta da gaggawa, ita ce ta warware min abinda ban taɓa ji ba. Ashe ba suga kaɗai ke cin ƙoda ba. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan 1, idan suga da kitse suka yi yawa a jini suna raunata su, su kuma ƙwayoyin halittar ƙodar da suka ji rauni sai su saki wasu sinadarai, to garkuwar jiki wadda aka haife mu da ita bata tsayawa tantancewa, ɗauka take cuta ce ta shigo. Sai ƙwayoyin makrofej, wato sojojin garkuwar jiki masu cinye ƙwayoyin cuta, su yi dafifi a wurin, kamar ƴan banga da suka ji ihun ɓarawo suka farfasa gidan mai ihun. Kumburin da hakan ke jawowa cikin ƙodar baya lafawa tunda sugan bai sauka ba, a hankali wurin ya zama tabo, furotin ya riƙa zuba cikin fitsari, kumfar kenan. Kuma duk wannan yana faruwa ba tare da mutum ya ji wani zafi ba, abin da ya fi bani tsoro kenan.

Kawu yace "to likita mi za a yi ma ƴan bangan?" Tayi dariya tace Baba a sauke suga da hawan jini tukunna, a rage gishiri, a bar shan maganin ciwon jiki na ƴan talla irin su diclofenac. Alhamdulillah bai kai ga wankin ƙoda ba.

Dawowa direba ya tsaya lodin albasa a Jega, sai bayan isha'i muka shiga Yauri.