Layi ɗaya ya cinye mini wuni

Talata, Birnin Kebbi, bayan isha'i.

Yau kwana goma sha ɗaya da na yi wa Kawu alkawarin shafin intanet da zai riƙa rubuta buhunan shinkafar da ake kawowa injinsa daga Argungu da Suru. Littafinsa na lissafi ya sha ruwa a daminar bara, shi ne ya ce tunda na yi karatun kwamfuta a poli in yi masa na zamani. Ni kuma na cika baki na ce mako biyu ya isa.

Django na zaɓa, wato kayan aikin gina shafukan intanet da yaren kwamfuta na Python, don na ɗan iya yaren. Tun da safe nake bin wani bidiyo a YouTube, mai koyarwar na rubutawa ina kwafa. Da muka zo wurin haɗa adireshin shafuka, nasa ya tashi lafiya lau, nawa kuwa ya cika allo da jan rubutu, wai ba a san wani abu mai suna url a cikin django.conf.urls ba. Na duba harafi bayan harafi, na goge na sake, har na sauke Django na sake ɗorawa. Datar da na saya jiya ta yi rabi. Wajen sha ɗaya aka ɗauke wuta, na ɗauki kwamfutar na tafi shagon caji a bakin kasuwa, na zauna kan benci zufa na zuba.

Can na kira wata 'yar ajinmu da ke aiki a Sakkwato. Ban gama karanto mata saƙon ba ta kwashe da dariya. Ta ce, "Malam, bidiyon naka na wace shekara ne?" Na duba: 2016, da Django 1.9. Nawa kuwa 5.2 ne. Ashe tun sigar 2.0, a ƙarshen 2017, aka kawo path, sabuwar hanyar haɗa adireshin shafuka, sannan a 4.0, a 2021, aka cire tsohuwar url ɗin gaba ɗaya. Awa huɗu ina kiran sunan mamaci.

Ta ce in bar bidiyo in buɗe jagorar da masu Django suka rubuta da kansu. Gaskiya kunya ta kama ni, don tun ran farko na gan ta na kauce, saboda yawan Turancin. Sai yau na lura a ƙasan shafin, ta hannun dama, akwai wurin zaɓar siga, kowace da nata bayanin. Akwai darasin da ke gina ƙaramar manhajar ƙuri'a daki-daki, akwai kuma inda suke faɗin abin da aka cire a kowane sabon fitowa. Abin da ya fi burge ni, ana iya sauke jagorar duka a ajiye a kwamfuta. Ga mai auna data kamar gishirin miya, wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Na sauke nan take, na canza layin zuwa path, shafin ya tashi. Na yi kabbara da ƙarfi har mai shagon ya waiwayo.

Amma ina da ƙorafi. Jagorar ta ɗauka ka riga ka san yadda burauza ke aika buƙata sabar ta amsa, kuma baƙin allon umarni ba ya ba ka tsoro. Mu a aji mun fi yin rubutu a takarda. Koyon abu biyu nake yi lokaci guda, Django da irin Turancin masu Django. Kalma ɗaya da suke sa wa abin da ake shirin daina amfani da shi sai da na duba ƙamus. Da wani ya faɗa mini da Hausa cewa "wannan ya kusa ritaya", da tuni na wuce wurin. Na soma rubuta irin waɗannan kalmomi a bayan littafina da fassarar kaina, yanzu sun kai tara.

Ita ma 'yar ajin tamu ta ce ta sha irin wannan da React, wani kayan aikin gina shafukan intanet: ta ƙware a tsohon salon rubutu, alhali tun 2019 aka kawo sabon salo mai suna Hooks, sabuwar jagorarsu kuma sai 2023 ta fito. Wai in gode Allah da Django na fara.

Da magariba Kawu ya leƙo. Na nuna masa farin shafi da rubutu ɗaya tal: Barka da zuwa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, to ina wurin rubuta masu bashi?" Na ce gobe in sha Allahu, Kawu. Kashi na biyu na darasin, inda ake maganar rumbun bayanai, yana buɗe a gabana, batir kuma saura kashi sha huɗu.